Yadda Birnin Tagogi Ya Ci Idon Kuluwa

Da sunan Allah wanda ya tsaga ido a fuska, ya rataye rana a sama, ya sa iyaka a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku masu karatu da masu saurare, ku gyara zama. Abin da zan faɗa ba labarin rage hira ba ne, ƙara ce na kawo.

Ni ne Haladu ɗan Nomau, mutumin Tudun Marke. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da kimiyya a makarantar garinmu, har alli ya cinye mini fatar yatsu uku. Ban taɓa ba ɗalibi makin da bai ci ba, ban kuma taɓa hana shi wanda ya ci ba. Na faɗi haka ne don a san irin mutumin da ke magana. Wadda aka zalunta ita ce matata, Kuluwa. Waɗanda suka zalunce ta su ne hukumar Birnin Tagogi, wanda ke kan Tsaunin Falle, bayan Tekun Kanwa. Ga yadda abin ya kasance, daki-daki.

Kuluwa maɗinkiyar hula ce, kuma a yankinmu babu mai haɗa zare kamarta. Shekarar da na yi ritaya ciwon ido ya kama ta. Tana gani sarai, amma haske ya zame mata abokin gaba. Da hantsi ya ɗaga sai hawaye, kamar an watsa mata barkono. Mun gwada baƙin tabarau, amma shi yana shanye hasken ne gaba ɗaya babu zaɓi, sai ta huta da zafi ta kasa bambance koren zare da shuɗi. Likitan ido bai ɓoye mana komai ba. Ya ce idan aka kare idon daga ɓangaren haske mai kaifi zai kai ta shekaru, idan kuwa aka bar shi a rana zai ƙone a hankali.

Wannan magana ta faɗo cikin abin da na sani. Farin haske launuka ne a haɗe, su ne muke gani a warware a jikin bakan gizo, kuma shuɗi da shunayya su ne masu kaifin. Na kuma san wani dutse da littattafanmu ke kira maika, wanda yake ɓarewa falle-falle kamar takarda, haske yana ratsa shi. Mai ruwan zuma daga cikinsa yana shanye shuɗin ya bar sauran su wuce. Fatake suka ce babu inda ake samunsa da faɗi da tsabta sai Tsaunin Falle.

Kuluwa ta ce, “Malam, ka bar maganar nan. Na yi gani iya gani.”

Na ce, “Hular da kika fara mini fa? Haka za ta zauna rabi?”

Ta ce, “Au, ashe hularka kake ji, ba idona ba.”

Amma da na buɗe jakarmu ranar tafiya, na tarar ta sa hular a ciki, da allurarta a soke.

Muka yi wata biyu muna tafiya kafin mu iso Tekun Kanwa. Ba ruwa a cikinsa ko ɗigo. Fili ne fari fat, iyakar ganinka, ana ratsa shi da jiragen katako masu zamewa a kan kanwar, iska tana tura su da manyan ƙyallaye. Na cire rawanina na naɗe wa Kuluwa fuska, kwana tara ba ta ga komai ba sai abin da na ba ta labari. Ta ce ba na iya labari, komai sai na faɗi tsawonsa da faɗinsa.

Daga nan muka faɗa Kwarin Masu Rairaya. Wani kogi ne yashinsa yake walƙiya kamar an zuba zinariya, mutane ɗaruruwa suna tsaye cikin ruwa da ƙorai, wasu tun suna samari har furfura ta fito musu. Wani dattijo ya nuna mini abin da ya tara a cikin tulu bakwai. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na danna da farce, ta dare biyu. Na ce masa, “Bawan Allah, wannan ba zinariya ba ce. Baƙin dutsen falle ne ruwa ya daɗe yana wankewa, ƙarfen da ke cikinsa ya yi tsatsa ya koma rawaya.” Na faɗa masa a hankali, yadda nake gyara wa ɗalibi lissafi. Ya kurma ihu, kogin gaba ɗaya ya yo kanmu da ƙorai da duwatsu.

Kuluwa ba ta gani, amma tana ji. Ta zare munduwar tagulla daga hannunta ta wurga ta wajen da ƙarar ruwa take, ta ɗaga murya ta ce, “Ga uwarsu can ta faɗa!” Suka ga abu ya yi walƙiya a sama ya nutse, suka juya suka afka ruwa, kowa yana danne ɗan uwansa. Muka samu muka haye tudu. Da numfashinta ya dawo sai ta ce, “Malam, wa ya tambaye ka?”

Ranar Laraba da hantsi muka iso Birnin Tagogi. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. Hawa huɗu ne a jikin tsaunin, ɗaya bisa ɗaya. A gindi akwai Ramuka, inda ake haƙar dutsen. Sama da su Unguwar Kore, tagoginta duk koraye, nan masu lambu suke. Sama da ita Unguwar Hoda, tagoginta ruwan hoda, nan mawaƙa suke. A can ƙololuwa kuwa Farin Soro, wanda bangonsa da rufinsa duk farin falle ne garau, yana ƙyalli har ba a iya kallonsa.

Sarkin Ƙofa ya tare mu. Sunansa Jatau, ƙaton mutum mai kimanin shekara hamsin, da fuskar wanda ya gaji da aikinsa. Na gaya masa falle biyu na ruwan zuma kawai muke nema, mu juya. Ya ce babu mai shiga ko fita sai ya bi ta Bangon Shaida.

Ga al'adar, ku saurara da kyau, domin ita ce tushen ƙarata. A bakin ƙofar akwai wani dogon bango na dutsen tsaunin, inda jijiyoyin falle iri-iri suka haɗu. Ana ɗaure wa baƙo ido, a ba shi basilla, ya bi bangon yana lalube, inda hannunsa ya tsaya ya ɓamɓaro falle. Sai Sarkin Ƙofa ya ɗaga shi a rana, hasken ya sauka a ƙirjin mutum. Launin da ya bayyana, a wurinsu, shi ne launin zuciyarsa. A huda fallen a rataya masa a wuya, a kai shi hawan da ya dace da shi, nan zai ƙare rayuwarsa.

Na ce, “Wannan ai shirme ne.”

Jatau ya ce, “Dattijo, riƙe basillar.”

Na lalubi bango na ɓamɓaro. Da aka kwance mini ido na ga inuwa baƙa ƙirin a ƙirjina. Aka ba Kuluwa. Nata ya fito garau kamar ruwan rijiya. Nan take aka kaɗa ganguna, mata suka rangaɗa guɗa, aka ce shekara huɗu rabon da a ga zuciya irin wannan. Suka kawo farin mayafi suka yafa mata a kafaɗa, sa'an nan wata ta kama rawanina da ke fuskarta ta warware, domin mutanen Farin Soro ba sa rufe ido daga haske.

Na yi tsalle na riƙe hannun matar. Na ce, “Ba ta da lafiya! Rana ce ciwonta! Ku sa ta a Ramuka, ku sa ta ko'ina, ban da can!”

Jatau ya ce, “Girmama ta ake yi, dattijo.”

Kuluwa ta sa hannu ta kare fuskarta, hawaye yana bi ta tsakanin yatsunta. Ta ce, “Malam, jakar tana wajenka. Kada ka bari zaren ya jiƙe.” Aka ɗora ta a kan kujera aka ɗaga ta sama, ana kiɗa. Ni kuma mutum huɗu suka ja ni ƙasa.

A Ramuka aka haɗa ni da Gwaggo Tambaya, shugabar masu ɓare falle. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, haƙoranta biyu, yatsunta duk tsaga. Ta dubi hannuna ta ce, “Wannan hannun me ya taɓa yi?”

Na ce, “Koyarwa.”

Ta ce, “To Allah ya kawo mu. An ƙaro mana baki, ba a ƙaro mana hannu ba.”

A ranar farko na yi mata bayani, domin ina tsammanin da zarar wani ya fahimta magana ta ƙare. Na ce mata dutsen nan duk iri ɗaya ne, kamar aji ɗaya mai benci a jere, bambancin kawai wa ya zauna a kan bencin. Idan ƙarfe ya cika wurin, sai ya shanye kusan dukkan hasken, fallen ya fito baƙi. Idan ɓurɓushin wani ƙarfe mai suna kuromiyam ya samu wuri, ko kaɗan ne, sai ya shanye ja da shunayya ya bar kore. Manganis yana shanye kore ya bar ruwan hoda. Ƙarfe kaɗan tare da taitaniyam suna shanye shuɗi su bar ruwan zuma. Farin kuma shi ne wanda baƙin suka yi ƙaranci a cikinsa. Launin da ido yake gani saura ne, abin da dutsen ya ƙi ci. An gama wannan tun kafin a haifi kakannin kowa, ina ruwansa da zuciyar mai riƙe basilla?

Gwaggo Tambaya ba ta ko ɗaga kai daga aikinta ba. Ta ce, “Sunayen nan naka ban san su ba, kamar na aljanu. Amma baƙi kullum kusa da jan dutse mai tsatsa muke samunsa. Kore yana bin wata jijiya mai nauyi ta gabas. Ka ɗaure mini ido ka kai ni bangon can, ka faɗi launin da kake so in ciro maka.”

Na ce, “Kin sani ke nan! Duk kun sani?”

Ta ce, “Duk mai haƙa ya sani.”

“To me ya hana ku faɗa?”

Ta ce, “Mu masu baƙar zuciya? Faɗa wa wa?”

Na tambaye ta ina ake samun mai ruwan zuma. Ta nuna mini bayan Ramuka da haɓa. Juji ne guda, tsayinsa ya fi soro, duk fallen ruwan zuma ne, wasu faɗinsu ya kai tabarma. A wurinsu munafuki ne, bai yi baƙi ba bai yi fari ba, don haka an kankare shi daga Bangon Shaida, duk wanda aka haƙo kuma zubarwa ake yi. Awaki ne suke kwana a kai. Abin da muka yi kusan wata uku muna nema ke nan. Na tsaya a gabansa, matata kuma tana can sama da ni hawa uku.

Ina da guntun alli a aljihu, wanda na fito da shi daga aji ranar da na yi sallama. Da shi nake ja wa kwanaki layi a bangon rami. Kowace safiya in fito in ɗaga kai. Rana tana bugun Farin Soro ya kama kamar wuta, ni da nake ƙasa da lafiyayyen ido sai na runtse. In tsaya in lissafa awa nawa suka rage kafin ta faɗi, in koma rami. Ban iya komai ba sai wannan lissafin.

Na rubuta takardar koke sau uku, da hannu mai kyau, kowace da kwanan wata da hujjoji a jere. Na ba masu kai falle sama. Ba a amsa ko ɗaya ba. Na gwada hawa ta bayan dutse, na zamo na gurɗe ƙafa. Na gwada shiga kwandon da ake jan kaya da shi, aka gano ni tun kafin ya bar ƙasa, yara suka yi ta dariya.

Da layukan allina suka kai ashirin, Gwaggo Tambaya ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce akwai doka ɗaya da aka manta da ita, domin ba ta taɓa aiki ba: duk wanda fallen wuyansa ya sake launi, dole a kai shi gaban alƙalan Farin Soro su ji ta bakinsa.

Ta ce, “Kai da ka san sunayen aljanu, baƙin nan idan ya yi siriri, yaya yake?”

Na buga goshina. Ni na koyar da wannan. Gwargwadon kaurin da haske ya ratsa, gwargwadon abin da za a shanye daga cikinsa. Baƙin falle ba baƙi ba ne don kansa, ƙarfe ne jere bayan jere, kowane yana cin rabonsa. A rage jeren, haske ya tsira.

Ta ce ita ba za ta taɓa fallen wuyana ba, in aka gano jefa ta za a yi daga tsauni. Sai dai ta koya mini. Ana yi ne a cikin ƙwaryar ruwa, da allura siririya, a sa bakinta a gefen fallen a bar ruwa ya shiga tsagar ya yi aikin. Na ciro allurar Kuluwa daga jikin hular. Na fara koyo da tarkace. Ina fasa goma kafin in samu ɗaya, Gwaggo tana cewa, “Malam, ba ɗalibi ba ne, ba a yi masa tsawa.” Kwana ashirin na ɗauka. Ina sane da kowane ɗaya daga cikinsu, da abin da yake ci a can sama.

Rana ta arba'in da ɗaya na zauna da nawa. Na ɓare falle na farko, na biyu, na goma. Ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, ya koma ruwan zuma, har ya zama kamar ruwan shayi da aka tsinka, ya fi fatar albasa siriri. Waɗanda na ɓare na adana su a gidan tabarauna. Na tafi wurin Jatau.

Ya ɗaga shi a rana. Ya dubi ƙirjina, ya dubi gefen fallen. Ya ce, “Dattijo, na ga abin da ka yi.”

Na ce, “Doka ta ce launi. Ba ta ce kauri ba.”

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Mu je.”

Muka bi ta Unguwar Kore, inda na ga wani maƙeri da basilla ta mai da shi manomin albasa, yana dukan ƙasa da fartanya kamar yana dukan ƙarfe. Muka bi ta Unguwar Hoda, inda wata baiwar Allah mai murya kamar ta kwaɗo take rera waƙa tana kuka, masu saurare su ma suna kuka. Ban tsaya ba.

Farin Soro ba shi da inuwa. Wannan ne abu na farko da na lura. Haske yana shigowa ta rufi, ta bango, ya bugi daɓe ya dawo. An ɗaura igiyoyi a kowane lungu, mutane sanye da fararen kaya suna tafiya a hankali, kowa hannunsa a kan igiya. Na ɗauka wani ladabi ne nasu.

Na same ta zaune a tsakar gida a kan farar shimfiɗa. Ta rame. Fatar idonta ta kumbura ta yi ja, ƙwayar idon hagu ta yi fari kamar an ɗiga nono. Na yi tari.

Ta juyo. Ta ce, “Malam? Tarinka ne wannan?”

Na ce, “Ni ne.”

Ta ce, “Ka daɗe.”

Na zauna kusa da ita. Ta ce idon dama yana ɗan gani da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. Ta ce duk lokacin da ta rufe fuska da hannu sai a zo a sauke mata shi cikin ladabi, ana ce mata ranki ya daɗe.

Aka kai mu gaban alƙalai. Su uku ne, tsofaffi, a kan dakali. Na nemi kaskon garwashi da fararen falle arba'in, aka kawo. Sai na ba da darasin da ya fi kowane darasi da na taɓa bayarwa, ba na shakkar faɗin haka.

Na ce, “Allah ya gafarta malamai, ga hujja ta farko.” Na ɗaga fallen wuyana a rana, haske ya wuce. Na ɗauko waɗanda na ɓare na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, inuwar tana duhu a ƙirjina har ta koma baƙa. Na cire su na mayar gidan tabarau, ta washe. Na ce, “Zuciyata ce take sauyawa haka, ko kauri?”

“Hujja ta biyu.” Na jera fararen nan arba'in na ɗaga. Hasken da ya fito ya yi dushi-dushi, ruwan ƙasa-ƙasa. Na ce, “Farinku ma akwai ƙarfe a cikinsa, kaɗan ne kawai. Ku tara shi ku gani.”

“Hujja ta uku.” Na sa baƙin falle ɗaya a garwashi. Ya daɗe, ya kumbura, ƙarfen cikinsa ya ci iska ya yi tsatsa, ya fito yana ƙyalli kamar zinariya. Na ɗaga shi da awartaki na ce, “Wannan kuma zuciyar wa ce, ta kasko?”

Na tsaya ina haki. Jatau yana bakin ƙofa, bakinsa a buɗe.

Babban alƙalin ya gyara murya ya ce, “Ka fara ne, ko ka gama?”

Sai a lokacin na lura ba ni yake fuskanta ba. Yana fuskantar ginshiƙin da ke damana. Na matsa kusa na dubi idanunsu. Shida ne, duk farare.

Na ce, “Ba kwa gani.”

Ya yi murmushi ya ce, “Mun wuce gani, ɗana. Launi abin mutanen ƙasa ne. Wanda ya daɗe a nan haske yakan cika shi har ba ya bukatar ido. Sai wanda ya cika ake naɗawa alƙali. Matarka tana da rabo, cikarta tana zuwa da wuri.”

Na tuna takardun kokena guda uku. Na tuna igiyoyin. Na ce a kira Sarkin Ƙofa ya faɗi abin da ya gani. Alƙalin ya ce Sarkin Ƙofa ɗan Unguwar Kore ne, doka ba ta ba shi baki a nan ba sai a kan abu ɗaya, faɗin launin fallen wuya. Na ce su taɓa da hannu su ji kaurin. Ya ce hannu ba ya jin launi, kuma gaskiyarsa ne. Ya yanke hukunci: ni in koma Ramuka saboda wasa da shaida, ita ta zauna har ta cika.

Shekara talatin da biyar ban taɓa durƙusa wa mai duba makarantu ba. Ranar nan na durƙusa. Na kama gefen rigarsa na ce ba na neman a yarda da ni, na janye hujjojin duka uku, a bar ta kawai ta rufe fuskarta. Ya shafa kaina ya ce Allah ya shirye ni.

Sai Kuluwa ta ce, “Allah ya gafarta malam, a bar ni in yi sallama da mijina.”

Aka bari. Ta lalubo ni, ta kama hannuna, ta ce a hankali, “Ba ni na cikin gidan tabarau.” Ashe ita kaɗai ce ta saurari darasin. Na zuba mata su a tafin hannu. Ta sunkuyar da kai kamar mai kuka, ta shafo hawayen da ba ya tsayawa a fuskarta, ta jiƙa su ɗaya bayan ɗaya tana mannawa a bayan farin fallenta. Siririn falle in ya sami danshi yakan kama ɗan uwansa kamar ba a taɓa raba su ba. Da yatsun ɗinki ta daidaita gefen.

Ta miƙe ta ce, “Sarkin Ƙofa, zo ka duba mini. Yanzun nan na zagi alƙali a zuciyata, zagi mai kyau kuwa, ina jin wani abu ya motsa.”

Jatau ya zo ya ɗaga fallen. Yana ganin gefen, yana ganin danshin. Na ga babban yatsansa a kai, ture ɗaya zai yi su zube. Ya dubi dakalin alƙalai, ya daɗe yana duban na hagun. Sa'an nan ya ɗaga murya ya ce, “Baƙi ne.”

Soron ya rikice. Aka ce a fitar da ita maza kafin ta shafa wa wasu. Aka fizge farin mayafin, aka tura mu waje. Na cire rigata na lulluɓe mata kai.

Jatau ya raka mu a kan matakala har muka wuce Unguwar Hoda. Can ya ce, “Na hagun nan mahaifina ne. Ni na ɗaga fallensa ranar da ya dawo daga tafiya aka sake yi masa shaida. Ni na ce fari.”

Gwaggo Tambaya ta nuna mana magudanar da ruwan Ramuka yake bi ya fita bayan tsauni, ta ce masu baƙar zuciya ba a ƙirga su, babu mai neman mu. Na roƙe ta ta biyo mu. Ta ce, “In tafi wa zai koya wa malamai aiki?” Na tsaya a juji na kori wata akuya, na zaɓi falle mafi tsabta, na yanka biyu, na cire gilasan tabarauna na sa su a gurbin. Na sa wa Kuluwa da hannuna.

Ta buɗe ido. Hawayen ya tsaya, karo na farko cikin shekara biyu. Lissafina daidai ne, dutsen ya yi abin da na ce zai yi. Na ciro hular na riƙe a gabanta na ce, “Wane launi ne wannan?”

Ta ƙura wa hannuna ido. Ta ce, “Ina ganin kamar ka riƙe wani abu.”

Ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Hukumar Birnin Tagogi ta amsa cewa ta riƙe Kuluwa 'yar Mantau kwana arba'in da ɗaya a cikin rana bayan an gaya wa hukumar da baki sau ɗaya, a rubuce sau uku, cewa rana ce ciwonta. A kwashe jujin bayan Ramuka a rufe Farin Soro da shi, ba sai an sayo komai ba, awaki kawai za a tasa. A ɗaure wa Gwaggo Tambaya ido a gaban jama'a, a kai ta Bangon Shaida, a faɗi launi ta ciro, sau goma. Akwai na huɗu, na rubuta shi na soke, domin babu hukumar da za ta iya biyansa. Duk falken da ya ratsa Tekun Kanwa da wannan takarda, ina roƙonsa kada ya miƙa ta a ƙofa. Ya hau ya karanta musu da ƙarfi.

Mun dawo Tudun Marke da kaka. Kuluwa tana bambance dare da rana, tana gane ƙofa in a buɗe take. Watan jiya ta ce in ba ta hular. Ta hana ni zaɓar mata zare, ta ce hannunta ya san su. Kwana goma sha biyu tana yi da lalube. Rabin farko kore ne da fari, layi a miƙe kamar an ja da rula. Rabin na biyu akwai ja a ciki, akwai shuɗi, akwai wani rawaya da ban san muna da shi ba, kuma zanen ya karkace ya hau kan ɗan uwansa.

Ta miƙo mini ta ce, “To, Malam mai jan biro. Nawa na ci?”

Na juya ta a hannuna. Na ce, “Goma bisa goma.”

Ta ce, “Ƙarya kake yi.”

Na ce, “Ita zan sa ranar Juma'a.”

Ita ce a kaina yanzu da nake rubuta wannan. A farkon takardar nan na ce ban taɓa ba da makin da ba a ci ba. A gyara, a ce sau ɗaya. Sauran duk yadda na faɗa haka yake, Allah kuwa yana gani.